Lasisin shago a waya: dandalin lo-kod zai iya ɗaukar aikin Asambili kuwa?

Awudu (Aboabo): Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman shawarar masana. A ce wata Asambili, wato ƙaramar hukuma a Ghana, a yankin Kumasi tana so ta daina bayar da lasisin kasuwanci, wato BOP, da biro da takarda. Shaguna da rumfuna da kwantenoni su kai 12,000, ma'aikatan da za su taɓa tsarin su kai 60, har da masu karɓar kuɗi a kasuwa. Hanya biyu ce a gaba. Ko a ba kamfani ya rubuta manhaja daga tushe, abin da zai ci shekara, ko a hau dandalin lo-kod irin su Power Apps, OutSystems, Mendix ko Joget, inda ake jan akwatuna a kan allo a haɗa fom da matakan amincewa, kod ɗin da za a rubuta da hannu kaɗan ne. Masu tallan sun ce wata biyu an gama. Wacce ce za ta ɗore?

Injiniya Salifu (Asawase): Wa alaikumus salam, ƙanina. Wata biyun ba ƙarya ba ne, in fom da allon amincewa ake nufi. Sai dai ba a nan gizo yake saƙar ba. Kafin a ambaci sunan wani dandali, a zauna a bi sawun takardar yadda take tafiya a yau: wa ke karɓar buƙata, wa ke fita duba shago, wa ke sa shi a aji, wa ke fitar da bil, wa ke karɓar kuɗi, wa ke sa hannu a lasisi. A ƙirga teburan. In tara ne, a tsaya a kan kowanne a tambaya wace doka ce ta ce dole takarda ta biyo ta nan. Wasu za su kawo hujja, wasu gado ne kawai aka tarar. Duk wanda ya kwashe tebur taran ya zuba su a kwamfuta yadda suke, jinkirin bai je ko'ina ba. Ya ma fi muni, don da mai shago yana iya bin fayil ɗinsa ofis-ofis da ƙafa, yanzu kuwa buƙatarsa tana kwance a akwatin wani jami'i da ya tafi hutu, ba wanda ya sani.

Saboda haka kowane mataki a sa masa wa'adi da magaji. Kwana uku ba a taɓa ba, ta wuce wurin mataimaki, shugaban sashe kuma ya ga jan layi a allonsa. Wannan ɓangaren lo-kod ya iya shi sosai.

Fusaini (Tafo): Injiniya, na yarda da kai, amma kada mu tsorata shi. Gwamnati ta daɗe tana cin moriyar irin wannan tsari. DHIMS2 da Hukumar Lafiya ta Ghana ke tattara alƙaluman asibitoci da shi tun 2012, a kan DHIS2 na Jami'ar Oslo aka gina shi, kuma yawancin aikin saiti ne, ba rubutun kod ba. KoboToolbox da ODK, manhajojin tattara bayanai a waya, su ma haka, a Excel ake tsara fom ɗinsu. Muna da Asambili 261 a ƙasar nan. Nawa ne za su iya riƙe ƙwararren mai rubuta manhaja da albashin gwamnati? In an canza aji ɗaya na kasuwanci, a lo-kod jami'in kwamfuta na ofis zai gyara da safe kafin azahar. A manhajar kamfani kuwa sai an rubuta wasiƙa, a jira farashi, a jira sa hannu.

Maimuna (Sabon Zango): Yaya Fusaini, gaskiyarka. Ni abin da ya fi damuna shi ne yadda za a jera bayanan, don a nan sababbin hannu ke yin kuskuren da ba ya gyaruwa. Sukan buɗe teburin bayanai ɗaya dogo a kwamfuta su zuba komai: suna, waya, shago, kuɗi, shekara. Ana bukatar aƙalla biyar daban-daban. Na masu kasuwanci, na wuraren kasuwanci, na jadawalin farashi, na bil, na biyan kuɗi. Mutum ɗaya yana iya mallakar shago uku, shago ɗaya yana iya sauya hannu a tsakiyar shekara, bil ɗaya ana iya biyansa kashi huɗu.

Sai maganar abin da za a gane mutum da shi. Ba suna ba. A Zango mutum ɗaya ne Muhammad a wannan takarda, Mohammed a waccan, Mahama a ta uku. Abdullahi da Abdulai, Idris da Iddrisu, Husaini da Fuseini. Ba lambar waya ba kuma, don uwa da 'ya'yanta uku suna iya sayar da kaya a rumfuna daban da layi ɗaya. Lambar Ghana Card, katin shaidar ƙasa, ita ce ta fi, tunda daga Afrilun 2021 ita ce lambar harajin mutum. Siffarta GHA, ƙaramin layi, lambobi tara, ƙaramin layi, lamba ɗaya, duka gurbi 15. Amma kada a ƙulle fom a ce dole ta fara da GHA, domin katin baƙi mazauna ƙasa ba da shi yake farawa ba, kuma kowa ya san 'yan Nijar da Najeriya da Burkina da ke kasuwanci a Alabar da Aboabo. A kuma sani cewa buga lamba a akwati ba tantancewa ba ce. Tantancewa sai an yi yarjejeniya da NIA, hukumar da ke ba da katin, an haɗu da tsarinsu, wannan kuwa takarda ce da lokaci, a fara nemanta tun ranar farko.

Lambar waya a ajiye ta a matsayin rubutu, ba lissafi ba. In ba haka ba sifirin farko zai faɗi, 024 ya koma 24, saƙo ya daina zuwa. A daidaita su duka su fara da 233. Kada kuma manhaja ta yanke hukuncin kamfanin layi daga lambobin farko, don tun 2011 ana ƙaura da lamba daga wannan kamfani zuwa wancan.

Awudu (Aboabo): Anti Maimuna, wurin shagon fa? Adireshin GhanaPostGPS, wanda manhajar gidan waya ke ba kowane wuri, bai isa ba?

Maimuna (Sabon Zango): Bai isa shi kaɗai ba. Tsarin ya yanka ƙasa murabba'i-murabba'i, mita biyar a tsaye biyar a kwance. Teburan masu tumatir uku za su shiga murabba'i ɗaya, a kasuwa mai hawa irin Kejetia kuma na sama da na ƙasa adireshinsu ɗaya. Wayar mai ɗaukar bayani ma tana iya kaucewa da 'yan mitoci a ƙarƙashin rufin kwano. A ɗauki adireshin, a ƙara layi da lambar rumfa da hoton gaban shago, sannan Asambili ta ba kowane wuri lambarta ta kanta, a liƙa ta a ƙofa.

Injiniya Salifu (Asawase): Bari in taɓo wani rami da ya shafi Power Apps musamman, tunda shi aka fi kawowa saboda ofisoshi da yawa suna da Microsoft 365. Don gudun kuɗin lasisi sai a ajiye bayanai a jerin SharePoint, ma'ajiyar da ke zuwa tare da Microsoft 365. A gwaji da layi 200 komai yana tafiya lafiya. Amma akwai umarnin da manhajar ba ta iya miƙa wa SharePoint ya yi da kansa, kamar Search da Sum, wato nema da haɗa jimilla. Idan ta gamu da irinsu, layi 500 na farko kawai take jawowa ta yi aiki a kansu. Ana iya ɗaga iyakar zuwa 2,000, daga nan ba gaba. Mai gini zai ga ɗan alwatika ruwan ɗorawa a gefen umarnin, yawanci ya wuce abinsa. Mai amfani kuwa ba ya ganin komai. To a shago 12,000, mai karɓar kuɗi zai nemi sunan wata Hajiya ya ga babu, ya sake yi mata rajista, ta zama mutum biyu da bil biyu. Jimillar kuɗin da shugaba ke gani a allo kuma ta layi 2,000 ce kawai, lamba ce mai kyan gani amma ba gaskiya ba. Ga kuma iyakar abu 5,000 da SharePoint ke sa wa duban jeri in ba a yi wa ginshiƙai fihirisa ba.

Maganin shi ne rumbun bayanai na gaske, SQL Server ko Dataverse. Da ka taɓa su kuwa, ka shiga lasisin da ake biya daban. Kuma duk gwajin da za a yi, a yi shi da layi 20,000 na ƙarya, ba 200 ba.

Hajiya Rabi (Akwatia Line): Tunda an zo kan kuɗi, bari akanta ta yi magana. Farashin da Microsoft ya wallafa na Power Apps Premium dala 20 ne ga kowane mutum a wata. Mutum 60 sau wata 12, dala 14,400 ke nan a shekara, ban da ƙarin wurin ajiya, ban da shafin da jama'a za su shiga daga waje, wanda ke da nasa lissafin. Asambili da sidi take tara kuɗi, da sidi take kasafi. A farkon 2022 dala tana wajen sidi 6, kafin ƙarshen shekarar ta haura 13. Wannan lasisin da ka sa wa sidi 86,400 a kasafi ya koma sama da 187,000, ba ka ƙara ko mutum ɗaya ba. Ranar da aka kasa biya kuma ba rage gudu yake yi ba, ƙofa ake rufewa. Don haka ban yarda da kwatanta farashin shekarar farko ba. A baje na shekara biyar, a lissafa da dala a farashi biyu, mai daɗi da marar daɗi.

Amma babban abin da nake roƙo, 'ya'yana, kada manhajar lo-kod ta zama ita ce mai cewa an biya. Kuɗi ya bi ta Ghana.gov, shafin biyan kuɗi na gwamnati, ko ta kamfanin biyan kuɗi mai lasisin Bankin Ghana ƙarƙashin doka ta 987 ta 2019, ya sauka kai tsaye a asusun Asambili. Manhajar ta fitar da bil mai lamba, ta jira sanarwa. Sanarwar nan kuwa halinta uku. Tana iya zuwa sau biyu, tana iya makara, tana iya ƙin zuwa sam. In ta zo sau biyu kuma ba a hana maimaita lambar ciniki a teburin biya ba, littafi zai nuna sidi 400 alhali 200 ne a banki. In ta ƙi zuwa, an cire wa mai shago kuɗi a momo, wato asusun kuɗinsa na waya, ga saƙon a wayarsa yana nunawa, manhaja kuma ta ce ana binsa bashi, gobe a zo a sa wa shagonsa kwaɗo. Mutumin da aka yi wa haka sau ɗaya ba zai sake biya ta waya ba, shi da duk layinsu.

Saboda haka abu uku. Lambar ciniki ta zama ba ta maimaituwa, kuma rumbun ne zai hana, ba allon ba. A sa aiki mai tashi da kansa duk bayan 'yan mintoci ya tambayi kamfanin biya halin duk cinikin da ya rataye. Kullum da safe kuma a gwama littafi uku, na manhaja, na kamfanin biya, na banki, mutum mai suna ya sa hannu a kan bambancin. Kuɗi a ajiye shi da pesewa, kwabon sidi, cikakkiyar lamba, don ɗigon goma yana haifar da 'yan kurakurai da ke taruwa.

Fusaini (Tafo): Hajiya, wannan duka manhajar da aka rubuta da hannu ma tana bukatarsa. Ba laifin lo-kod ba ne.

Hajiya Rabi (Akwatia Line): Haka ne, ɗana. Bambancin shi ne wanda ya shekara yana rubuta manhajar kuɗi ya san da ramin. Lo-kod kuwa ya sauƙaƙa ginin har wanda bai taɓa jin labarin ramin ba yana iya kai aiki gaban shugaba, ya yi kyau a allo, a tafa masa.

Alhaji Baba (Yalwa): Allah ya yi muku albarka, kun yi bayani. Ga nawa ta fuskar mulki. Kuɗin lasisi ba jami'i ke yanka shi ba. Kowace shekara zauren Asambili ke zartar da ƙudurin farashi, bisa ikon da dokar ƙananan hukumomi ta 2016, doka ta 936, ta ba shi. Don haka kada a binne farashi a cikin umarnin manhaja. Ya zauna a teburinsa, kowane layi da ranar farawa da ranar ƙarewa. Bashin bara da farashin bara ake lissafa shi. In aka goge tsohon farashi aka rubuta sabo a kansa, duk tsofaffin bil za su canza, ranar da mai binciken kuɗi ya zo ba mai iya ba shi amsa.

Na biyu, rasit. Littafin rasit na gwamnati, GCR, da ake karɓowa daga ofishin Akanta Janar yana da lambobi a jere, kowane ganye ana neman bayaninsa, wanda ya lalace ma ba a yaga shi. Rasit na waya dole ya kai wannan matsayi. Ba gogewa. Kuskure sai a soke shi da wani layi, a rubuta dalili. A kuma samu rubutacciyar amincewar masu kula da kuɗin gwamnati kafin a ajiye littafin, kada shekara ta zagayo a ce ba a san wannan rasit ba.

Na uku, mallaka. Sau da yawa ɗan bautar ƙasa ake ba irin wannan aiki don shi ne mai zafin hannu. Shekararsa ɗaya ce. Jami'ai ma ana yi musu canjin wurin aiki. In da asusunsa ya gina, ranar da aka rufe asusun duk ayyukan da ke tashi da kansu za su tsaya. A buɗe asusu da sunan ofis, mutum biyu su san sirrinsa, a rubuta yadda aka haɗa komai a ajiye a fayil.

Injiniya Salifu (Asawase): Baba Alhaji ya taɓo inda ya dace. In ƙara a kai: wuri uku ake buɗewa, na gini, na gwaji, na aiki. Ba a gyara a kan wanda jama'a ke amfani da shi ranar kasuwa. Kowane sauyi a fitar da kwafinsa a ajiye a Git, ma'ajiyar tarihin sauye-sauyen kod, da kwanan wata, don a iya komawa baya.

Tsaro kuma kada a ɗauka dandali ya ɗauke maka. A 2021 kamfanin UpGuard ya gano bayanai kusan miliyan 38 a buɗe a shafukan Power Apps na hukumomi da kamfanoni 47, har da na wasu jihohin Amurka. Ba kutse aka yi ba. Izinin tebur ne ba a kunna ba, saitin asali a lokacin ya bar shi a kashe, Microsoft ya canza shi daga baya. Gwajin mai sauƙi ne: fita daga asusunka, buɗe adireshin bayanan a wata waya, ka ga me zai fito. Sannan shiga a matsayin mai shago ɗaya ka canza lambar bil a adireshi, ka ga ko na maƙwabcinsa zai buɗe. Dokar kare bayanai ta 2012, doka ta 843, ta wajabta wa mai riƙe bayanan mutane yin rajista da hukumar kare bayanai, a sabunta duk shekara biyu, in kuma bayanai suka fita dole a sanar. Abin da ba ka bukata kada ka tara. Hoton Ghana Card gaba da baya na mutum 12,000 kaya ne mai nauyi, lambar da shaidar an tantance sun wadatar.

Awudu (Aboabo): To ba gara a ɗauki na kyauta irin Joget ko Budibase ko Appsmith a ɗora a sabar Asambili ba? Ba dala, bayanai kuma suna gida.

Fusaini (Tafo): Kuɗin bai ɓace ba, wuri ya canza. Wa zai sa facin tsaro duk wata? Wa zai tashi da dare in faifai ya cika? Sabar da ke ƙarƙashin teburin ofis, dumso ɗaya, wato ɗaukewar wuta, da batirin UPS da ya gaji sun isa su lalata rumbun. In za a bi wannan hanyar, a nemi masauki a cibiyar bayanai ta gaske, irin ta NITA, hukumar fasahar sadarwa ta gwamnati, ko ta 'yan kasuwa a Accra. Kwafi uku, a wuri biyu aƙalla, kuma duk wata uku a gwada dawo da shi a wata na'ura, don kwafin da ba a taɓa dawo da shi ba zato ne kawai. A kuma karanta sharaɗi da kyau, wasu abubuwan da gwamnati ta fi bukata, kamar cikakken tarihin wanda ya taɓa me, a wasu dandalin sai a sigar kuɗi ake samunsu.

Na waje ma da nasa. Azure da AWS, masaukin sabar Microsoft da na Amazon, ba su da babbar cibiya a Ghana, na nahiyar nan suna Afirka ta Kudu. Ranar 14 ga Maris 2024 da igiyoyin ƙarƙashin teku huɗu suka samu matsala, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, duk mun ga yadda intanet ta durƙushe kwanaki. Ofishin da ba shi da hanyar aiki ba intanet, a irin wannan ranar sai zaman jira.

Maimuna (Sabon Zango): Shi ya sa manhajar masu zagaya kasuwa dole ta iya aiki ba sabis, ta tura daga baya. Matsalar ita ce lamba. Waya biyu da ba sa ganin juna duka za su ba da lamba ta gaba, 1051 da 1051. Ko a ba kowace waya nata zangon lambobi, ko a bar na'ura ta ƙirƙiro doguwar lambar da ba ta karo, lambar rasit ta ainihi kuma ta fito daga saba bayan an tura.

Kada kuma a manta da masu shagon kansu. Da yawa daga iyayenmu mata a kasuwa ƙaramar waya mai madanni ce a hannunsu, Turanci kuma ba kowa ba. Abin da ya sa sabunta inshorar lafiya ta *929# ya karɓu shi ne kowace waya tana yi. A ba su USSD gajere, irin wannan lambar da ake latsawa, mataki huɗu ya isa: lambar shago, suna ya fito su tabbatar, adadi, lambar sirrin momo. Allo ɗaya ba ya wuce harafi 182, zaman kuma yana yankewa in aka daɗe. Dandalin lo-kod da yawa suna da nauyin amsawa, don haka wannan ƙofar gara a rubuta ta da hannu, 'yar ƙarama, ta karanta rumbu ɗaya da manhajar ofis.

Saƙon tes ma da lissafinsa. Saƙo ɗaya harafi 160 ne. Da ka sa ƙ ko ɗ ko ɓ, ko ɛ da ɔ na Twi, ya koma 70, in ya rabu kuma 67 kowane yanki. Saƙo mai harafi 150 ya zama uku, na mutum 12,000 ya zama 36,000. Ba cewa nake a bar harshenmu ba. A rubuta gajere, a san farashin tun kafin a tura. Teburin taimako a ofis kuma ya ci gaba da zama, da mai jin Hausa da Twi.

Injiniya Salifu (Asawase): Awudu, in ni ne zan raba aikin. Fom na ciki, duba shago, amincewa, allon shugabanni, a ba lo-kod, nan ne ƙarfinsa kuma nan ne ake yawan sauyi. Rumbun bayanai ya zama na Asambili, a PostgreSQL ko SQL Server, wanda kowace manhaja za ta iya karantawa. Ƙofar kuɗi da USSD a ba ƙwararre. Wanda ya zuba komai a cikin dandali kamar ɗan haya ne da ya yi wa shagon wani tayil da silin, ranar tashi ba abin da zai ɗauka. A kwangila a rubuta cewa za a miƙa duk bayanai a CSV, fayil ɗin da ko Excel ke buɗewa, tare da hotuna da takardun da aka liƙa, cikin kwanaki sanannu, ba ƙarin kuɗi. Kuma a gwada fitarwar tun kafin a biya kason ƙarshe.

Fusaini (Tafo): Ban ƙi ba, sai dai rabon nan yana bukatar mutum ɗaya a ofis da ya fahimci yadda sassan ke haɗuwa. In babu shi, dandali ɗaya mai rauni ya fi uku da ba mai riƙe su. A fara da unguwa ɗaya, shago 500, wata uku, littafin GCR yana tafiya gefe da gefe, a gwama su duk Juma'a.

Awudu (Aboabo): Na gode ƙwarai. Tambaya ɗaya ta rage mini, Hajiya. Wa ya kamata ya sami ikon soke rasit ko rage bil?

Hajiya Rabi (Akwatia Line): Ba mai karɓar kuɗi ba, ba kuma wanda ya gina manhajar ba. Jami'in haraji ya nema ya rubuta dalili, jami'in kuɗi ya amince daga nasa asusun, tsarin ya ƙi in mutum ɗaya ne a gurbin biyu. Mai shago ya sami saƙo nan take cewa an taɓa bil ɗinsa, daga nawa zuwa nawa. Mai binciken cikin gida kuma a ba shi asusun kallo kawai, jerin duk abin da aka soke ya riƙa zuwar masa kowace Litinin ba sai ya nema ba.